Kafaɗar da Na Yi wa Baba Koci Alkawari

Da safiyar yau ina tsakar gida ina goge babur, ko karyawa ban yi ba, wayar Lawali ta shigo daga Kebbe.

"Nasiru, Baba Koci ya cika. Bayan sallar asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsumman da ke hannuna ya faɗi ban sani ba. Abin da ya fara fita daga bakina tambaya ce: yaushe za a kai shi? Lawali ya ce da an gama shiri, ba za a jira azahar ba. Ni kuwa ina Tambuwal, an kwana ana tafka ruwan sama, kuma duk wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san halin da na shiga.

Dole ne in isa kafin a kai shi makwancinsa. Akwai alkawari tsakanina da tsohon nan, cewa kafaɗata za ta shiga ƙarƙashin makararsa.

Yanzu na dawo gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, zuciyata cike take, kuma wallahi rabin abin da ke cikinta dariya ce. Wanda ya zauna da Malam Modi ba zai iya tuna shi da fuska a murtuke ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Modi malamin firamare ne a Kebbe, shi ke kula da wasanni har ya yi ritaya. Mu muka laƙa masa Baba Koci. Shi ya riƙe ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwa shekara da shekaru, ba wanda ya sa shi. Jarkar ruwa a bayan kekensa, usur a wuya, allura da zare a aljihu, don ƙwallonmu ɗaya ce kuma kullum a kan hanyar fashewa take.

Mun sa wa ƙungiyar suna Guguwa. Mutanen gari suka ce su dai ba su ga guguwa ba, mahucin fifita suka gani.

Ni ne ɗan gaba mai bin gefe. Ba yabon kai ba, a lokacin ina da gudu, har Kabu-kabu ake kirana. Ga ni siriri kamar karan dawa, in na juya gefe sai ka neme ni.

Amma gudun bai kai mu ko'ina ba. Da an miƙo mini ƙwallo na ɗauko, kafin in buɗe ƙafa mutane sun rufe ni ta ko'ina. In faɗi, in tashi, in kakkaɓe wando, a sake. Rani guda muka yi muna shan kashi, har ƙungiyoyin da ba su da takalma sun ci mu.

Majalisar teburin mai shayi ta zauna ta yanke hukunci: Nasiru ne matsalar. Gudu ne kawai, ba kai. Har wakilai suka tura wurin Baba Koci a kan a ajiye ni a benci. Bencin ma ba mu da shi, wani kututturen giginya ne a bakin fili.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na daina bi ta kasuwa. Na wanke takalmana na rataye, na ce wa mahaifiyata ni da ƙwallo har abada.

Kashegari da la'asar sai ga keke a ƙofar gidanmu.

"Wa yac ce ka rataye takalmi?" in ji Baba Koci, ko sallamar kirki bai gama ba. "Ɗauko su. Su mutanen ga ƙwallo suka kallo. Ni mutane nika kallo."

Ban gane ba, amma na bi shi, don ba a yi masa musu.

A filin tirenin ya kasa mu biyu, ya ce a ba ni ƙwallo in gudu kamar kullum. Na ɗauko, difendoji suka yo kaina, sai ya busa usur da ƙarfi.

"Kowa shi tsaya inda yake! Kada wanda ya motsa!"

Muka ƙame. Ya ce in waiwaya in dubi 'yan tsakiyarmu, waɗanda aikinsu ne su buɗe mini hanya.

Su uku ne, kuma har yau su ne aminaina. Bello Buhu, ɗan dako a kasuwar hatsi, wanda ke saɓa buhun gero shi kaɗai yana hira. Sahabi mahauci. Sai Lawali dogo, wanda ya kira ni yau da safe.

Bello yana tsaye riƙe da ƙugu yana kallona cike da sha'awa. Lawali ya ɗaga hannu zai tafa mini. Sahabi kuwa ya koma gefe ya ba wani difenda hanya, har da ɗan rusunawa.

"Sahabi, mi kac ce ma yaron ga da zai wuce ka?"

Sahabi ya sosa ƙeya. "Bismillah nic ce, Baba. Abokin yayana na."

Filin nan ya fashe da dariya, har shi Baban sai da ya dafa gwiwa.

Ashe ciwonmu ke nan, kunya. A garinmu duk wanda za ka kara da shi wani naka ne: abokin yayanka, ɗan limaminku, wan matarka. Ƙartin nan uku sun taso da tarbiyyar ba babba hanya, suka shigo da ita fili. In kafaɗar Bello ta gogi mutum sai ya tsaya ya ce sannu, yi haƙuri. Su suna ta ladabi, ni ina ta cin ƙasa.

"Bello, buhu nawa kaka ɗauka rana guda?"

"Ba ni ƙirgawa, Baba."

"Tau mi as sa in ka shigo fili kaka komawa auduga?"

Daga nan ya ɗauki ƙwallon ya ajiye a ƙasa ya zauna a kanta. Ya ce yau babu ƙwallo, langa za mu yi.

Langa fa! Mu da gemunmu, wasunmu da aure.

Ga 'yan birni da aka raina a gaban talabijin: a langa kowa yana kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar. Gida biyu ake kasawa. Kowane gida yana da mutum guda da ake kira ruwa, shi ake so ya isa wurin sha ba a kayar da shi ba. Sauran 'yan gidansu aikinsu su tare masa, su yi ta karo da masu son kai shi ƙasa. Baba Koci da ƙuruciyarsa gwanin langa ne, tsofaffin Kebbe har yanzu suna ba da labarinsa.

"Nasiru na ruwa," ya ce. "In ruwa ya faɗi, ba ruwa nika hukuntawa ba. Ku ukku za ku zagaya filin ga da ƙafa guda."

Ranar farko Bello ya faɗi har sai da awakin bakin fili suka watse. Yara suka taru, mata masu dawowa daga rijiya suka sauke tulu suna ta ƙyaƙyatawa. 'Yan majalisar mai shayi suka ce shi ke nan, Mahuci ta haukace gaba ɗaya.

Amma wani abin mamaki, da ƙartin nan suka kama ƙafa sai kunyar ta tafi. Duk mun yi langa muna yara a dandali, kuma a can ba wanda ya taɓa ce wa wani bismillah. Jikinsu ya tuna. Ga hannu a ɗaure da ƙafa, ba damar jan riga, sai dai kafaɗa da iya tsayuwa. Bayan sun zagaya fili da ƙafa ɗaya har sun gaji da zagayawa, sai na wayi gari ina isa wurin sha ba wanda ya taɓa ni.

Sannan Baba Koci ya tashi daga kan ƙwallon.

"Ban ce ku ture kowa ba, rafali na kallo. Cewa niy yi ku tsaya inda mutum ka son bi. Lawali, kai ka ruga can ka ja mutum guda shi bi ka. Sahabi, kai ka toshe wanga lungu. Bello, kai ka tsaya kawai. Tsayuwarka ta isa."

Ana cikin haka aka sa mana wasa da Dogon Daji, a filinmu. Baba Koci ya je teburin mai shayi da ƙafarsa ya ce su ba shi wasan nan ɗaya. In Nasiru bai yi komai ba, shi da kansa zai zaunar da ni a kututture, kuma ya cire usur ɗinsa ya ba su.

Da can takalmana ne kaɗai a cikin haɗari, yanzu har da usur ɗin tsoho.

Sai ga wata sabuwa. Babban difendan Dogon Daji sunansa Haruna, kuma shi ne wan matar Bello, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin da Bello ke durƙusa wa in zai gaishe shi.

Ranar wasa Bello ya zo yana riƙe da ciki, wai tun safe yake murɗa masa.

"Ciwon suruki na," in ji Baba Koci. "Na san maganinai. Biyo ni."

Ya kama hannunsa kamar ɗan firamare, ya ratsa fili da shi har inda 'yan Dogon Daji ke ɗaure takalma. Muna kallo. Ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi iyali da gona, sannan ya ce:

"Haruna, ga ƙanenka na kawo. Ka yafe mashi abin da za shi yi maka yau, tun bai yi ba."

Haruna ya dubi Bello da ke durƙushe, ya yi dariya har da buga cinya. "Na yafe, Malam, duniya da lahira. In ya iya."

Ni dai ban taɓa jin inda aka nemi gafara kafin a yi laifi ba sai wurin tsohon nan.

Duk da haka, kafin hutun rabin lokaci ba abin da ya canza. Haruna na tahowa, ƙafafun Bello su kauce da kansu. Na sha ƙasa har ta shiga mini kunne. Ina jin 'yan majalisa suna cewa a fara goge kututture.

Da aka fito hutu mun zaci za mu sha faɗa. Sai Baba Koci ya matso gabanmu. Ya tattare rigarsa, ya kama ƙafarsa ta baya, ya fara tsalle da ƙafa ɗaya a gaban dukan jama'ar gari. Tsoho da furfura! Ya zo ya daki Bello da kafaɗa, ya koma baya, ya sake dukansa, yana haki yana dariya. Sai da Bello ya riƙe shi yana cewa, "Ya isa, Baba, don Allah ya isa, na ji."

Aka koma. Can ƙwallo ta zo mini a gefe. Lawali ya ruga hagu yana ihu kamar shi za a ba, mutum ɗaya ya bi shi. Sahabi ya toshe lungunsa. Na hango Haruna ya taho mini gadan-gadan, har na fara shirin faɗuwa, don na saba.

Bello bai ture shi ba, Allah shaida. Tsayawa kawai ya yi.

Na ji wata ƙara kamar an sauke buhu daga mota. Rafali ya yi nuni da hannu a ci gaba. Na ɗaga kai, sai ga fili fetal a gabana, ba kowa sai gola. Tun da nake ƙwallo ban taɓa ganin hanya haka ba, har na kusa tsayawa kallo.

Na gudu. Na buga. Ta shiga.

Garin nan ya ɗauka. Waɗanda suka ce a goge kututture su suka fara ɗaga ni sama. Daga can saman kawunansu na hango Bello a durƙushe kusa da Haruna yana yi masa fifita da hannu, yana ta "Sannu Yaya, sannu Yaya." Haruna yana zaune a ƙasa yana neman numfashi yana dariya.

Da ci ɗayan nan muka tashi, kuma daga ranar ba wanda ya sake cewa Mahuci.

Baba Koci bai zo wurina ba. Wurin su ukun ya tafi, ya rungume su ɗaya bayan ɗaya. Sai da jama'a suka watse ya zo ya matsa kafaɗata da yatsu biyu.

"Kai ka sha, amma kafaɗun wasu sunka kai ka. Wagga taka ba ta taɓa aikin komi ba."

Shi ke nan ya samu abin tsokanata har ƙarshen rayuwarsa. Duk inda muka haɗu, a biki ko a masallaci, sai ya matsa ta ya girgiza kai ya ce, "Har yanzu ɗanya ta." Ranar ɗaurin aurena ma bai bar ni ba, a gaban surukaina ya yi.

Shi ya raka ni tasha ranar da na samu aikin koyarwa a Tambuwal, ya cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka.

Da mahaifina ya rasu, a tabarmarmu ya wuni kullum har aka tashi zaman makoki.

Matarsa Inna Hajo kuwa, ban san yawan furar da muka sha mata ba. Takan ce ita ba ta haifi ƙungiyar ƙwallo ba amma ita ke shayar da ita.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Babbar Salla ne. Na same shi a gindin dogon yaron ƙofar gidansa, ya rame sosai, muryar ma ta yi ƙasa. Yara suna buga ƙwallon tsumma a gabansa, yana ta fama da su: "Ku tare mashi! Kai mai jar riga, mi kaka kallo?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo hannu ya matsa kafaɗar. Yatsun ba ƙarfi, amma sai da ya girgiza kai kamar kullum.

"Ruwa, ran da anka ɗauke ni, ka sa kafaɗar ga ƙarƙashi. Ina son ta yi aiki ko sau guda."

Na ce, Baba don Allah bar wannan magana.

"Mi ab abin tsoro? Yi man alkawari dai. Kuma kada ka zo kana ce man hanya ta ɓaci."

Na ce, Baba, ko na zo na faɗa ai ba za ka ji ba.

"Za ni ji," ya ce. Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Na yi masa alkawari.

To yau hanya ta ɓaci, kamar ya sani.

Babur ya kayar da ni a laka. A wani kwari ruwa ya kai mini gwiwa, sai da wani bawan Allah ya baro gonarsa ya kama mini muka tsallakar da shi. Duk inda sabis ya kawo sai wayar Lawali ta shigo. An gama wanka. An fito da shi. Ta ƙarshe ya ce, "An yi salla, Nasiru. Mun kama hanya."

Sallar ta wuce ni. Na ƙara wuta ina cewa Allah kada ɗayan ma ya wuce ni.

Da na isa na yar da babur a bakin hanya, ko makulli ban cire ba. Ban taɓa ganin taro irin na yau a Kebbe ba. Ɗalibansa na da, 'yan ƙwallo, mutanen Sanyinna, mutanen Dogon Daji. Makarar tana can gaba a saman kawuna, ta kusa shiga maƙabarta, kuma kowa so yake ya sa kafaɗarsa.

Na gwada kutsawa ta dama, ba hanya. Na gwada ta hagu, aka maido ni baya. Na tsaya da laka har gwiwa ina kallo tana nisa. A nan ne hawayen suka zo, don na ga alkawarin zai kuɓuce mini ina ji ina gani.

Tsawon Lawali ya yi rana. Ta saman kawunan mutane ya hango ni. Ya taɓa Sahabi, Sahabi ya taɓa Bello. Sai ga su sun ratso baya, duk sun yi furfura, Bello har da tumbi da ciwon gwiwa.

Bello ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ruwa, biyo bayana."

Ba wanda aka ture, ba wanda ya ɗaga murya. Lawali ya bi hagu yana "gafara dai, gafara dai," mutane suka karkata wajensa. Sahabi ya juya baya ya tsaya ya toshe masu matsowa. Bello ya sa kafaɗa a gaba yana tafiya sannu-sannu, jama'a na darewa. Ni kuwa ina biye, kamar yadda aka koya mana.

Muka iso gaban makara. Wanda ke riƙe da ita ta dama, wani dattijo ne mai farin gemu. Haruna.

Ya dubi Bello, ya dube ni. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Wanga karon ba sai an tare ni ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shiga."

Ya zame, na shiga.

Allah Ya yafe mini, a ƙarƙashin makara dariya ta kusa ƙwace mini, ga hawaye na zuba. Kun san yadda ake yi, ɗan taku kaɗan wani ya karɓe ka. Ni ba wanda ya karɓe ni, don ƙartin nan uku sun kewaye ni har bakin kabari.

Baba, hanya ta ɓaci, amma na iso.

Yanzu da nake rubutun nan kafaɗata ta dama ta kumbura, icen ya kwanta mini a kan ƙashi. Maiɗakina ta kawo man zafi za ta shafa mini, na ce ta bari tukuna, ba na son ta daina ciwo da wuri.

Ya Allah, ga bawanKa Modi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya sa aka buɗe wa yaron da gari ya juya wa baya hanya, Ka buɗe masa tasa har cikin Aljanna Firdausi, kada komai ya tare shi. Ka ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, mu ma Ka ba mu, Ka kyautata namu ƙarshen.

Don Allah duk wanda ya karanto har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba. Ko Ƙulhuwallahu ce ka karanta masa, ka ambaci sunansa, Malam Modi na Kebbe.

Allah Ya jiƙan Baba Koci. Ku taya ni da amin.